Dattijo Ya Tafi da Direbobi a Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka kaɗa suka yi jawur, rabi don kuka rabi don kallon kwamfuta, Injiniya Mai Kibau, na teburin ƙarshe kusa da taga a ɗakin masu rubuta manhaja, yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa aron kebul a hannunsa bai mayar ba, rasuwar amininsa, faifan ajiyar bayanansa, wanda kowa a ofis ya fi sani da Dattijo. Rai ya yi halinsa ne da hantsi, a kan tebur, tsakanin kofin shayi da linzamin kwamfuta, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin baƙi ne, gajere, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, yana da tabo a kusurwar hagu tun ranar da ya kwana cikin jaka ɗaya da makullai. Mai haƙuri ne da riƙon amana. Duk abin da aka ɗura masa sai ya haɗiye, bai taɓa tambayar ko na mene ne ba, bai kuma taɓa kai gulmar wani fayil wajen wani ba. Idan aka jona shi da safe, yakan ɗan yi gyaran murya, zuuuu, sannan ya kunna 'yar fitilarsa shuɗiya ya shiga ƙifta ta. Injiniya ba ya cewa da kowa ina kwana sai ya ji wannan zuuuu. Mai ɗakinsa, da ta ga yadda yake ji da shi, ta yanke ƙafar wani tsohon wandonsa ta ɗinka wa Dattijo riga har da zip, kuma a cikin rigar nan yake zuwa aiki yake komawa gida, zafi ko sanyi.

Ga waɗanda ba su san irin nauyin da marigayin ya ɗauka ba: wani mai kamfanin motocin haya ne ya ba ofishin aikin manhaja, kuma kafin a rubuta manhaja sai an zana wa kwamfuta tsarin bayanai. Akwatuna ake zanawa, ga Mota, ga Direba, ga Fasinja, ga Kujera, ga Tasha, sannan a ja kibau tsakaninsu don kwamfuta ta san wace mota ce ta wane direba, wane fasinja ne kuma ya zauna a ina. Wannan zane shi ne aikin Injiniya, daga nan ma ya samo sunansa. Ya kai shekara biyu yana jan kibau yana gogewa, har furfura ta leƙo masa a gemu. Manhajar da yake zanen a cikinta takan adana komai a fayil, shi kuma fayil ɗin a cikin Dattijo yake kwana. A farkon mako mai kamawa ne mai motoci zai zo ya ga tsarinsa a kammale, kuma oga ya riga ya bugi ƙirji ya ce masa komai ya yi daidai.

Kada wani ya ce Injiniya sakarai ne. Duk ofishin babu wanda ya kai shi wa'azin ajiye kwafi. Kowane ƙarshen mako, kafin ya tashi, sai ya kwafe babban fayil ɗin daga cikin Dattijo zuwa kwamfutar ofis, sannan ya zagaya tebur tebur yana tambayar mutane ko sun yi nasu, da irin muryar mai dubagari. Maƙwabciyar teburinsa, wadda ke gwada manhaja ta kamo kurakurai, ta sha wannan wa'azi har ta haddace shi.

Bara ne fayil ɗin ya yi ƙiba, ya fara nawa wajen buɗewa, sai Injiniya ya yi abin da manhajar zanen ta yarda a yi: ya raba tsarin gida gida. Direbobi suka koma fayil ɗinsu, fasinjoji nasu, kujeru da tashoshi kowa ya kama ɗakinsa a cikin Dattijo. Babban fayil ya rage da motoci da kibau, kuma a bakin kowace kibiya ya rubuta adireshi: in kana neman direba, je ka wuri kaza a cikin Dattijo. Aiki ya yi sauƙi, Injiniya ya ci gaba da kwafe babban fayil kamar yadda hannunsa ya saba. Ya dai lura da abu ɗaya. A da, kwafin yakan ɗauki lokacin da zai haɗa shayi ya sha, yanzu kuwa kafin ya tsoma cokali an gama. Sai ya shafa bayan Dattijo, ya gaya wa maƙwabciyarsa cewa kayan zamanin dauri ke nan, suna tsufa suna ƙara ƙarfi.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da oga ya zo wucewa yana waya, ƙafarsa ta sarƙe kebul. Dattijo ya tashi sama cikin natsuwa, ya sauka a kan tayil. Da aka ɗaga shi aka jona, maimakon zuuuu sai aka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar mai tauna tsakuwa. An yi duk abin da ya kamata. An hura masa iska a baki. An canja kebul, an canja kwamfuta, an kwantar da shi a gefen dama, an mayar da shi hagu. Wani ya ba da shawarar sanyi, Injiniya ya naɗe shi a leda ya saka a firjin gida kusa da tumatir, mai ɗakinsa ta buɗe ta gani, ta rufe, ta yi tafiyarta. Daga ƙarshe aka kai shi layin masu gyara. Mai gyara ya kara shi a kunne, ya daɗe yana saurare, ya ce allurar ciki ta karce faranti, sai haƙuri. Washegari a ofis Injiniya ya sake jona shi don kada a ce bai gwada ba. Dattijo ya ce ƙas sau ɗaya, a hankali, fitilar ta ɗauke.

Injiniya ya yi baƙin ciki, amma bai tsorata ba, har ya samu bakin yi wa masu jaje nasiha a kan amfanin kwafi. Ya gyara zama, ya kira maƙwabciyarsa ta zo ta ga yadda masu hankali ke yi, ya buɗe kwafin da ke kwamfutar ofis. Motoci suka fito reras. Sai jajayen rubutu suka biyo baya, layi bayan layi, har allon ya koma kamar an watsa masa barkono. Kowace kibiya ta miƙe tana nuna adireshi a cikin Dattijo, shi kuwa yana kwance a gefe cikin rigarsa. Nan Injiniya ya gane cewa shekara guda ya yi yana ajiye kwatancen gida yana barin mutanen gidan. Maƙwabciyarsa ta san wa'azin nan daga farko har ƙarshe, da ta so da ta karanto masa. Ta tura masa kofin shayinsa kawai, ta koma teburinta.

Marigayin ya tafi da direbobi duka a cikinsa, da fasinjoji, da kujeru, da tashoshi, da wani akwati mai suna Kwandasta wanda Injiniya ya fi alfahari da shi. Ya rasu ya bar kebul guda mai lanƙwasasshen wuya, da riga mai zip, da motoci masu yawa da babu mai tuƙa su kuma babu inda za su. Ya bar oga, wanda tun ranar yake ɗaga ƙafa in zai wuce ko da babu kebul a ƙasa. Ya kuma bar magajinsa, wato kwafin nan, maraya mara nauyi, wanda bai gaji komai ba sai adireshi.

Za a yi jana'iza gobe bayan an tashi aiki. Za a zuge zip ɗin rigar a kwantar da shi a durowar ƙasa ta teburin Injiniya, kusa da tsofaffin cajoji da suka riga shi. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a ɗakin taro, gaban farin allo, har zuwa ranar da mai motoci zai iso. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai a hannu. Abin da ake roƙo shi ne, duk wanda ya taɓa leƙa allon Injiniya, ko da a wucewa ne, ya zo da abin da ya tuna: wane akwati ne ke kusa da wanne, kibiyar Kwandasta kuma Mota take nufa ko Direba, don shi da ya ja ta ya manta. Za a raba alƙaluman allo a bakin ƙofa.

Wanda bai tuna komai ba, ya zo ya zauna, zaman ma gaisuwa ce. Sai dai ana roƙon jama'a, don girman Allah, kada kowa ya tambayi Injiniya ko ba shi da kwafi ne. Yana da shi. Kullum da safe sai ya buɗe shi, kuma kullum yana nan yana tambayar babansa.