Dawo Takwas a Gaban Kumandan

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun da Alhusseini ya zo yi Agadez daga Faransa, a shekarar farin nan da ake rabon jar dawa ta taimako, soji na tsare da layi. Tare muka yi lakwal da shi, makarantar boko, kujera ɗaya. Ni ke zuwa na ɗaya, shi na biyu (in ka tambaye shi zai ce ba haka ba ne, kada ka saurare shi). Amma da bursi ta fito, tallafin karatun waje, shi ta ɗauka. Ya tafi ƙasar Turawa, ni aka miƙa mini alli, na zama mushe, wato malamin kimiyya, a kwalejin garinmu.

Kuma me yake karantawa can? Kusu. Wallahi kusu, irin wanda ke huda mana buhu.

Shugaban kwalejin ya roƙe shi ya yi wa ɗalibai jawabi, har ya gayyato kumandan, babban sojan garin. A ajina, gaban ɗalibaina. Sati guda ba su da zance sai, "Mushe, da gaske abokinka ya ga ɗan tayin kusu da idonsa?" Ina murmushin yaƙe. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Wajen shan shayi Alhusseini ya yi mini bayani. Wai ɗan tayin yana farawa da ƙwaya ɗaya, ta rabu biyu, huɗu, takwas. Daga nan wata ƙwayar gado ke sa su fitar da wani irin danƙo, su manne da juna su dunƙule. In aka hana danƙon aiki, kowace ta kama gabanta, kusu bai samu ba. Ya ce damuwarsa ɗaya, ba shi da abin nunawa sai zane a allo.

Nan na ga ƙofa. Na ce zan kawo abin da yara za su gani da ido, kowa ya san wanda ya iya koyarwa.

Na je gida na ce, "Inna, dawo takwas nake so, ƙanana, ki haɗe mini su wuri ɗaya."

Ta ce hatsin da ya rage tiya ɗaya ne, ba za ta taɓa shi don wasa ba, sai dai jar dawa. "Amma ka sani, dawar nan ba ta kama jikinta. Tana shan iska za ta watse."

Na ce mata wannan harkar kimiyya ce, ba za ta gane ba. (Matar da ta fi shekara arba'in tana dakan fura na gaya wa haka.)

Ranar jawabin tun safe na ajiye ƙwaryar a aji, na rufe da faifai, ta wuni cikin zafi har la'asar. Alhusseini ya gama zanensa, aka tafa masa. Sai na miƙe na gyara riga. "Mon commandant, zane ba ya zama a kan yaro. Ga ɗan tayin nan, kowa ya gani."

Na ɗaga dunƙulen sama da hannu biyu. Ban kai ga cewa "danƙo" ba ya ruguje. Wani a kaina, wani a kan tebur, saura a cinyar kumandan da cikin hular da ya ajiye.

Aji ya yi tsit. A zamanin nan ba mai dariya kafin mai kaki ya yi.

Alhusseini ya tako a hankali, ya dafa kafaɗata, ya ɗebi garin ya nuna wa yara. "Kun ga abin da malaminku ya yi? Haka ƙwayoyin ke watsewa in danƙon ya ƙi aiki. Ni na daɗe ina neman yadda zan nuna shi, ban samu ba."

Kumandan ya yi dariya, ajin ya bi shi. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya ba Alhusseini hannu. Alhusseini, ba ni ba. Ni abin da na samu shi ne, "Mushe, dawar rabo ce wannan? Don ku ci aka ba ku. Tattara ta."

Na durƙusa gaban ɗalibaina ina tattara gari, har na cikin hular. Daga ranar sunana ya koma Mushe Dawo, yau wasu daga cikinsu da jikoki, ba su daina ba.

Na kwashe na kai wa Inna. Ta tankaɗe garin, ta dama kunu, ta ajiye mini. Na shanye ɗan tayina tas, don ba shekarar zubar da abinci ba ce.

Da Alhusseini dariya ya yi mini, da tuni na yafe masa. Rufa mini asirin da ya yi ne har yau ya tsaya mini a wuya. Abin da na koya dai, in hassada ta kawo mini wata dabara, sai na fara tambayar mai dakan fura ko za ta kama jikinta.