Rigar da Ba a Wankewa

"Lafiya lau, afe ƙalau. Ya rana? Ya mutanen gi... Innalillahi! Maigida, wa ya tura ka cikin tukunyar rini?"

Ko gama durƙusawa Salmanu bai yi ba, Indo ta sako shi a gaba. Kakarsa ce ta wajen uba, ta ba shekara tamanin baya, kuma duk unguwar Gardole ta Njamena an san bakinta ya fi gwiwarta lafiya. Tana zaune bisa tabarma a rumfa, ta cusa hannuwanta biyu cikin mayafi kamar mai jin sanyi, alhali ranar ko ƙadangare neman inuwa yake. Shi kuwa gogan naka ya sha shadda shuɗiya, hula shuɗiya, takalmi shuɗi, maɗaurin agogo shuɗi, har tabarau bai tsira ba.

"Ke tsohuwa, ido ya tafi amma baki ya ƙi bin sa. Wannan shi ake kira kwalliya."

"Au, kwalliya ce? Ni na ɗauka bokitin roba ne ya yi ƙafa ya shigo gaishe ni."

"A waya na gani. Masana sun ce shuɗi na sa a ga mutum da natsuwa da riƙon amana."

"Madalla. Sai masanan su ba ka 'yarsu."

Nan ta taɓo inda ke yi masa ciwo. Yau bayan la'asar Salmanu zai bayyana a unguwar Digel gaban Alhaji Halliru, mahaifin Hamdiyya, yarinyar da ya shekara biyu yana so. Alhajin bai daɗe da zuwa daga Kano ba, kuma ya faɗa, ba a ɓoye ba, cewa samarin Hausawan da aka haifa a Njamena ba su san asalinsu ba, Hausarsu ma rabi Larabci ce. Da ƙyar ya yarda yaron ya zo ya gan shi, sau ɗaya tak. Abin da ya ƙara ɗaga hankalin Salmanu, sana'ar Alhaji sayar da yadi ce, mutum ne da ke kallon riga kafin ya kalli fuska. Tsoro yake ji sosai, tun safe ko shayi bai iya sha ba.

"Matso nan," in ji Indo. "Ɗaga haɓarka."

"Me za ki gani? Ke da sai an gaya miki rana ta fito."

"Na ga abin da na gani. Wuyanka ma ya shiga kwalliyar ne, ko shi ma masanan ne suka ce?"

Salmanu ya shafa wuyansa, ya duba yatsunsa. Shuɗi shar! Tafiyar da ya yi a kan babur daga gidansu kawai, gumi ya sa rinin ya zuba, ya yi masa zobe a wuya, ya sauka har cikin singileti.

"Amma fa mai shagon kasuwar Dembe ya rantse mini ba ta zuba."

"Ai bai yi ƙarya ba. A shagonsa ba ta zuba, a jikinka take zuba. Ka je haka, maigida. Alhajin naka zai yi murna, zai ce ga surukin da ya zo da wuyansa a rine."

"Ki yi dariyarki. Ni dai in aka hana ni Hamdiyya, ke zan dawo wa. Nan zan tare, ki riƙa dafa mini sau uku."

"Allah ya kiyaye! Shekara ashirin da bakwai ina fama da kai, miji marar cefane, yau na samu mai karɓar wahalata, sai in bari ta kuɓuce?"

"To taimaka mini in tafi."

"Da me? Da haƙoran da ba ni da su?"

Salmanu ya cire tabarau, ya saci kallon ƙofar ɗakinta. Dama ba gaisuwa ce kaɗai ta kawo shi ba, kuma ita ma ta sani. A cikin ɗakin akwai tsohon akwatin ƙarfe, a cikin akwatin akwai rigar kakansa, marigayi Malam Mijinyawa. Babbar riga ce, rinin baba na garin Kura, shuɗin da ya yi duhu har ya kusa baƙi, an buge ta da itace har tana sheƙi. Da ita Malam ya baro ƙasar Kano yana saurayi, da niyyar Makka a ƙafa. Ya yada zango a garin nan don ya huta wata biyu, ya ga Indo, hutun bai ƙare ba sai da ya kai shi kabari. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, kuma babu wanda ya sake ganin rigar. Baffa Idi, babban ɗanta, ya roƙa har sau uku, ta ce masa ya je ya sa buhu.

"Aron rigar Malam za ki ba ni. Na yau kaɗai."

"Iye! Kalas, ashe hauka ce ta kawo ka. Rigar da namiji ya sa? Kafaɗarka ma ta ɗauki singileti da ƙyar."

"Namijin da ya fito Makka ya ƙare a Gardole? Ai ni na fi shi, Digel na nufa kuma zan isa."

"Abin da ya gani a hanya ne ya tsayar da shi, ɗan nema. Kai da ka gan ni a lokacin, da a bakin kogi za ka suma."

"Allah ya jiƙan Malam, ashe tun yana yaro idonsa ke da matsala."

Indo ta yi dariya har mayafinta ya zame, ta yi maza ta gyara shi da haɓa, ba ta fito da hannu ba. Ganin ta saki fuska, Salmanu ya matsa kusa.

"Ki duba fa, Indo. Alhaji ya san kaya. In ya gan ni da wannan mai zubar, na kaɗe. Amma rigar Malam ta asali ce, ba ta zuba. Kuma na yi miki alkawari, gobe da kaina zan kai ta wajen masu wanki, a wanke ta da sabulu mai ƙamshi, a goge, in dawo miki da ita fes."

Wayyo! Da ma bai faɗa ba. Dariyar ta ɗauke ɗif. Tsohuwa ta zuba masa ido har sai da ya fara susar ƙeya.

"Sake faɗa in ji. A yi mata me?"

"A... wanke."

"Da sabulu."

"Mai ƙamshi."

"Lalle Alhajin Digel ya yi gaskiya, ba ku san komai ba. Abin da baffanka Idi ya ce ke nan na kore shi. Kai, jikan Mijinyawa guda, ba ka san ba a wanke bugaggen rini ba? Ruwa na taɓa shi sheƙin ya tafi, shekara saba'in su bi kwata. Shanya ta ake yi a inuwa, a turara, a ninke. Kuma wa ya ce maka ba ta zuba? Ta fi wannan tsummar taka zuba sau goma! Waccan ko da ɗan yatsa ka taɓa ta sai ta bar maka shaida kwana uku."

"To meye bambancinsu? Wannan ta ɓata wuya, waccan ta ɓata wuya."

"Taka gumi ke narkar da ita, ta yi dabbare-dabbare, tana warin kananzir. Ta Malam a bushe take sauka, tana ƙyalli a fata, tana ƙamshin baba. Wanda ya san yadi, daga ƙofa zai gane. Ranar Sallah in kakanka ya dawo idi, wuyansa da goshinsa sheƙi suke, kuma ba ya wankewa sai sun goge don kansu. Ni mai ninke ta, matan unguwa da hannuna suke gane Malam ya yi kwalliya."

Ta juya fuska wajen katanga.

"Tashi ka tafi da bokitinka. Ni tun da aka fita da Malam ban buɗe akwatin nan ba, kuma ba yau zan fara ba saboda mai sabulu."

Salmanu ya duba agogo. An kusa kiran la'asar, ga wuya a rine, ga shi ya ɓata rawarsa da bakinsa. Ya yunƙura zai tashi, sai idonsa ya faɗa kan butar shayi da ke gefenta. Tun da yake, bai taɓa shigowa gidan nan Indo ba ta tsiyaya masa shayi tana zaginsa ba. Yau ko taɓa butar ba ta yi ba. Ya koma ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa.

"Amarya."

"Na ce ka tafi."

"Zan tafi. Tsiyaya mini shayi tukuna."

"Hannunka ya karye?"

"A'a, naki nake tambaya. Shekara tara ba ki buɗe akwati ba, ko?"

"Haka na ce."

"Kuma ko da ɗan yatsa aka taɓa rigar sai ta bar shaida kwana uku."

"Kai fa ka cika surutu."

"Fito da hannunki mu gani."

"Lalle na sa."

"Masha Allah. Yaushe aka fara shuɗin lalle a Gardole?"

Indo ta cije leɓe, ta harare shi, kafaɗunta suka fara rawa. Can dai ta kasa, ta fashe da dariya har da hawaye, ta zaro hannuwan. Tafukan biyu shuɗi ne har wuyan hannu, suna ƙyalli.

"Ɗan banza mai idon kakansa! Tun asuba na fito da ita, na shanya, na turara. Tana kan gado. Na so in ga iyakar wautarka ne, kuma wallahi na gani."

Ta sa shi ya sauke kayan Dembe gaba ɗaya, ya dirje wuyansa a bakin randa. Ta ba shi farar 'yar ciki da farin wando na Malam, da jar dara. Tabarau kuwa ta ce ya bar mata, za ta riƙa tsorata awaki da shi.

"Shuɗi ɗaya ake sawa, sakarai, sauran su yi masa shiru."

Da kanta ta miƙe, da gwiwar tata, ta zura masa rigar, ta naɗe masa hannayen bisa kafaɗa. Ta ja da baya ta dube shi. Ƙamshin da ya tashi ƙamshin kakansa ne sak.

"Yalla, tafi," ta ce daga baya, muryarta ƙasa-ƙasa. "In Alhajin ya miƙo hannu ka riƙe da kyau, ka bar masa asalin naka ya kwana uku yana kallo. In kuma ka kusanci sabulu, sai na tsine wa auren."

"Na ji, tsohuwa. Ga sauran ruwa nan a buta, ke ma ki wanke naki kafin mutane su ce kin faɗa tukunya."

Indo ta buɗe tafukanta a kan cinya, ta daɗe tana kallon su.

"Shekara tara suna fari," ta ce. "Bar mini su haka."