Yadda Na Baro Haramina a Ƙarƙashin Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi ido biyu da kifin ƙirshi ba, ko da yake ya kamata in faɗa tun farko cewa shekaru sun yi nisa, kuma ƙwaƙwalwar tsoho kamar tsohon buhu take, ta riƙe wannan ta zubar da wancan. Mai yiwuwa na sauya wa wata magana wuri, mai yiwuwa na ƙara wa kifin tsawo. Abin da ba na shakka a kansa shi ne yadda na fito daga ruwan, domin wannan da shaidu.

A cikin shekarun sittin ne na Miladiyya, bayan an watse daga aikin Hajji, shekarar da na kammala kwaleji na fara koyarwa a wata firamare. Gidanmu a Tandabawi yake, nan cikin Makka. Sana'ar Baba carbi ce. Yana feƙe shi da yusur, wato baƙin murjanin nan da ake cirowa daga ƙarƙashin Bahar Maliya, wanda alhazai ke rububinsa. Da ƙuruciyarsa shi da kansa yake nutso ya ciro, tare da ƙanen mahaifiyata, Kawu Haruna. Da girma ya kama shi sai ya dawo rumfa. Kawu kuwa ya yi zamansa a gaɓar Shu'aiba, don a cewarsa kifi ba ya tambayar mutum iƙama, wato takardar izinin zama.

Wata rana da la'asar na kawo wa Baba shayi a rumfa, sai na ji wani abokinsa yana taya shi murnar na gama karatu. Na tsaya a bayan labule (ba laɓe na yi ba, ina gyara riƙon faranti ne). Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, yaron kirki ne. Sai dai ko dokin ƙofa zai tsallake, sai ya duba abin da littafi ya ce. Ban sani ba ko akwai abin da zai iya riƙewa da hannunsa ban da alli."

Suka yi dariya, ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse, musamman da yake akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Washegari na ce masa, "Baba, in Allah ya yarda zan je wurin Kawu in ciro maka yusur da hannuna." Ya ɗago idonsa da ya fara rauni ya dube ni, ya ce, "Ɗayyib. Allah ya kiyaye hanya." Ko ɗigon yarda cewa zan iya babu a muryarsa.

Na yi shiri irin nawa. Na karanta duk abin da na samu game da halittun teku, na rubuta a ƙaramin littafi. Na biya ta Jidda na sayi tabaran ruwa. Iyo kuwa na ɗan iya, wanda na koya a tafkin ban ruwa na wani lambu a Zahir, inda ruwan bai wuce wuyana ba.

Kawu ya tarbe ni a bakin bukkarsa yana ɗinkin koma. "A'a, Ustaz da kansa! Me ya kawo mai takalmi ƙasar marasa takalmi?" Da na gaya masa, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Uban nan naka bai daina tsokana ba. To, za mu gani." Kwana uku yana horar da ni a wuri marar zurfi: yadda ake riƙe numfashi, yadda ake toshe hanci a hura don kunne ya buɗe, yadda ake rungumar dutse ya kai mutum ƙasa. Igiya a wuyan hannun hagu take, wuƙa a rataye a wuya. Idan ka ja igiyar sau uku, mai jirgi ya janyo ka.

"Idan ka ga ƙirshi fa," in ji Kawu (shi ne kifin da yaran yanzu ke ce wa shak), "kada ka yi birgima, kada ka juya masa baya. Na kan murjani ba ruwansa da kai, sai in ka nuna masa kai abin ci ne."

"A littafi an ce yawancinsu ba sa kai hari, sai dai wasu lokutan..."

"Ajiye littafin. Shi bai karanta ba."

Ran na huɗu da hantsi muka shiga jirgin wani dattijo Balarabe, Ammu Salim, wanda ya daɗe da Hausawa har yana jin Hausa, sai dai in zai yi faɗa ya koma Larabci. A nan ne na tafka kuskurena. Masu nutso suna da ɗaurin zanensu: su naɗe shi, su zaro ta tsakanin ƙafafu, su soke a baya, kamar bante. Na dubi cinyoyin Kawu a waje, na ce a raina ba da ni ba. Ni da na zo da tsohon haramina fari, na ɗaura shi yadda duk ɗan Makka ya iya, na nannaɗe bakinsa a kan cibiya har sau huɗu.

"Kwance wannan ka ɗaura irin nawa," in ji Kawu.

"Kawu, al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce. Na san akwai saɓanin malamai a kan cinya, amma fita daga saɓani ya fi."

"A ƙarƙashin ruwa wa zai gan ka? Ƙaguwa?"

"Wannan ɗaurin na koya wa alhazai sun fi a ƙirga. A tsakiyar cunkoson ɗawafi bai taɓa kwancewa ba."

Ammu Salim ya tofar da ruwan bakinsa a teku, ya ce, "Bar shi, ya Harun. Ustaz ne." Ban gane ba'a ce ba sai daga baya.

Nutso biyu na farko na kallo ne kawai, kuma wallahi ko da a nan labarin ya tsaya, tafiyar ta biya. Ni da na tashi a tsakanin baƙaƙen duwatsu, ban san Allah ya ɓoye irin wannan lambun a ƙarƙashin ruwa ba. Murjani wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar rago. Ƙananan kifaye ja da ruwan ɗorawa sun yi dandazo a kansa, idan ka miƙa hannu su shige lokaci guda kamar an hure fitila. Na ga wani koren kifi mai baki irin na aku yana gatsar dutse, har ina jin ƙarar haƙorinsa. Na ga wani mai kama da maciji ya leƙo daga rami yana buɗe baki yana rufewa, kamar tsohon da ke gunaguni. Wata kififiya ta wuce ta gabana a natse, ko kallo ban ishe ta ba.

Kawu ya nuna mini wani ɗan reshen yusur a ƙarƙashin wata baranda ta dutse, zurfin kamar gaba huɗu (shi ya ce uku, amma ba shi kunne ya yi wa ciwo ba). A ruwa ba baƙi ba ne, toka-toka ne mai yauƙi, sai an kankare shi baƙin ke fitowa. Ya hau jirgi ya ce, "Wannan naka ne. Ni ba zan taɓa shi ba."

Na yi bisimilla, na rungumi dutse, na sauka. Na kama reshen na fara yanka, yana da tauri kamar jijiya. Ina cikin haka sai haske ya ragu. Na ɗaga kai.

Ga shi nan. Launin toka, dogo, yana tafiya ba ya ko motsa jiki, ƙarshen fiffikensa na baya fari fat kamar an tsoma a nono. Idonsa ƙarami ne, ba fushi a ciki, ba kuma tausayi. Tsawonsa, a ƙiyasina, ya kai nawa da rabi. Ya kewaya ya dawo, sai na ga ashe su biyu ne.

Zan so in ce jarumtaka ce ta tsayar da ni cik kamar yadda Kawu ya koya mini. Gaskiyar ita ce jikina ne ya ƙi motsi. Amma hannuna na dama, ban san da izinin wa ba, ya ci gaba da yanka har reshen ya fita. Nan take na ja igiya. An ce sau uku. Ni ban san iyakar abin da na ja ba.

Ammu Salim ya zaci an kama ni, sai shi da Kawu suka haɗu suka fizgo ni kamar guga daga rijiya. Ruwa ya cika haramin nan ya buɗe shi kamar laima. Na ji naɗi na farko ya saki, na biyu ya bi shi. Hannun hagu yana cikin igiya. Hannun dama yana riƙe da yusur. In na cafke zanen, reshen ya tafi ƙasan teku, kuma na san ba mai sake mayar da ni wurin nan. Na matse gwiwoyi, na yi duk abin da gwiwa za ta iya yi. Bai isa ba.

Na ɓullo a gefen jirgi, tabarau a fuska, wuƙa a wuya, shi ke nan kayan da ke jikina.

"Hau! Hau maza!" Kawu yana miƙo hannu.

"Ba zan iya ba."

"Ya cije ka ne?"

"A'a. Karɓi wannan tukuna." Na miƙa masa reshen. "Kawu, ku juya baya."

"Mu yi me?"

"Ku juya baya, ku miƙo mini wani abu in rufa."

Ya leƙa ruwan, ya ga abin da ya gani, ya saki salati. "Kai ɗan nan, ƙirshi biyu a ƙarƙashinka kana mini fiƙihu? Ni na yi maka wanka kana jariri ko ban yi ba? Hau, don gidanku!"

"Lalura tana halatta abin da aka hana, na sani, amma ana auna ta gwargwadon..."

Ammu Salim kuwa ya kifa kansa a bakin jirgi yana kallon ƙarƙashin ruwa ta wani gwangwani mai gilashi a gindi, kafaɗunsa suna rawa. "Ya jama'a, zo ku gani! Ƙirshi ya ɗaura harami!" Na tsoma fuskata na duba. Farin zanen yana sauka a hankali, babban ya sa hanci ya ture shi, zanen ya lulluɓe masa kai, ya yi gaba da shi yana kaɗawa, ƙaramin yana biye. Ban taɓa ganin abin tsoro mai kyau irin wannan ba, kuma na kalle shi sosai, tunda ba ni da wurin zuwa.

Ƙarshenta Ammu Salim ya kwance rawaninsa mai ƙarnin kifi ya jefo mini, suka juya baya suna sheƙa dariya. Rawanin bai kai ko'ina ba. Na ɗaura shi ta tsakanin ƙafafu na soke a baya, daidai yadda aka ce in yi tun da safe.

Na roƙi Kawu ya rufa mini asiri. Ya ce to. Sannan ya rako ni har Makka, shi da ya shekara bai shigo ba don tsoron masu tambayar takarda, ya zauna a rumfar Baba a gaban dattawa biyar ya zazzage labarin tas, har da kwaikwayon muryata. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ina tsaye ina fatan ƙasa ta tsage.

Da ya lafa, ya ce in miƙo reshen. Ya shafa shi da yatsu daga gindi zuwa kai, ya kankare gefe da farce, ya kai shi kusa da ido.

"Siriri ne," ya ce. "Ba zai ba da carbi ba. Amma gindin zai fitar da limami, doguwar ƙwayar nan ta kan carbi." Ya ɗago ya dube ni. "Da wane hannu ka riƙe shi?"

"Da dama, Baba."

"Zanen fa?"

"Hannu ɗaya gare ni a lokacin."

Ya gyaɗa kai, ya juya wajen dattawan, ya ce, "To kun ji. Haruna a nutsonsa na farko dutse kawai ya gani ya sha ruwa." Kawu ya yi tsalle yana rantsuwa ƙarya ce, aka koma kansa. A ranar Baba ya feƙe limamin da hannunsa, ya zura shi a kan carbinsa na kansa, wanda yake ja har ya bar duniya.

Darasin da na koya, in har na fahimce shi daidai, shi ne idan ka je wurin mutane, ka ɗaura zane yadda suke ɗaurawa. Wanda ya ƙi nuna cinya don tsantseni, wata rana sai ya nuna abin da ya fi cinya.

Kawu da Ammu Salim Allah ya yi musu rasuwa, amma na san labarin ya bazu a Tandabawi, kuma akwai waɗanda suka ji shi daga bakinsu. Duk wanda ya san inda na yi kuskure, don Allah ya aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Musamman a kan tsawon kifin, domin na ji wasu jikokin Kawu suna cewa bai wuce kamu uku ba. Ina roƙon su dai su tuna cewa kakansu daga cikin jirgi ya hango shi.