Gyaɗar Lissafi

A wani daji akwai makaranta a gindin tsamiya, inda Malam Kurege yake koyar da lissafi. Tun kaka da kakanni da gyaɗa ake koyonsa: kowane yaro ya zo da cikin tafin hannu, a tara, a ɗebe. Abin da aka ɗebe kuwa ƙwaryar malam ake zuba shi. Duk dajin an shaidi Malam Kurege da ƙwazo wajen koyar da ɗebewa.

To, akwai wata tsohuwar bushiya, Baba Tasalla, wadda ko bakin allo ba ta taɓa riƙewa ba. Jikarta guda, Kyauta, jininta bai haɗu da gyaɗa ba. Sau biyu ana kawo ta gida ranga-ranga, ido ya kumbure, maƙogwaro ya toshe, numfashi sai ƙugi. Kunkuru mai magani ya ce ko ƙurar ɓawon kada ta shaƙa, domin a karo na uku ba lalle shi ya iso a kan lokaci ba, kowa ya san tafiyarsa.

Ranar taron iyaye tsohuwa ta zo da ƙunshi a ka, ta ƙi zama.

"Ni ban iya zancen taro ba," in ji ta. "Yarinyata ta kusa mutuwa sau biyu a gindin bishiyar nan. Ko ku fitar da gyaɗa, ko ku faɗa mini a gaban kowa cewa ran jikata bai kai cikin tafin hannu ba."

Biri, shugaban iyaye, ya gyara zama. "Baba, a yi haƙuri. Magana ce babba, ba a yanke ta da garaje. Za mu kafa kwamiti ya ɗanɗana gyaɗar kowane gida, a gano wadda ke da laifi."

Gafiya ta ɗaga hannu ta ce ta sadaukar da kanta.

"Sannu da sadaukarwa, 'yar nan," in ji tsohuwa. "Kura ma ta taɓa neman gadin mahauta."

Malam Kurege ya yi gyaran murya. "Baba, da gyaɗa iyayenmu suka yi ilimi. Saboda yarinya ɗaya za a rushe gadon makaranta? Ta zauna can bayan suri, in na ɗaga murya za ta ji."

"Bayan suri? Jikata kuturwa ce? Iskar kuma kai za ka ɗaure ta kada ta kai mata ƙura?"

Ta sauke ƙunshin ta kwance. Tsakuwa ce, ƙanana, wankakku, ta kwana uku tana tsinta a bakin rafi. Ta jera bakwai a ƙasa.

"Malam, ni jahila ce, koya mini. Bakwai a ɗebe uku."

"Huɗu."

"Madalla. Ga huɗun, ga ukun a gefe. Ilimin ya ragu?"

"A'a, amma..."

"To jiya da aka ɗebe uku daga gyaɗar ɗan Zomanya, ina ukun?"

Zomanya ta dubi ƙwaryar malam, ta dubi kumatunsa, ta soma motsa baki a hankali. Sauran iyaye ma kowa ya duƙufa lissafin da ya koya a wannan makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ranar nan maƙwabta ma sun gani.

Biri ya ga inda iska ta juya. Ya miƙe ya ce dama shi tun farko ra'ayinsa ke nan, rigakafi ya fi magani. Aka hana shigo da gyaɗa, aka ce kowane yaro ya wanke hannu da baki kafin ya zauna. Gafiya ta tambaya ko kwamitin yana nan. Biri ya rufe taro.

Washegari Baba Tasalla ta rako Kyauta, ta shinshina tabarma, ta leƙa ƙwaryar malam, sannan ta zaunar da ita a sahun gaba. Yarinya ta koma gida da ƙafarta, tana ƙirga tsakuwa.

Yaran makarantar sun yi fice a tarawa har yau. Ɗebewa kuwa, Malam Kurege ya gano cewa ta yi wa ƙananan yara nauyi, ya ɗage ta sai sun girma.