Ranar da Kwamfuta Ta Kai Ƙarata da Jamusanci

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake Allah Ya sani na yi ƙoƙarin mantawar, da ranar da kwamfuta ta kai ƙarata gaban manyan unguwarmu Nima.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina koyar da Turanci da lissafi a Islamiyyar Baba Alhaji, wani dattijo ɗan kasuwar goro da ya gina ajujuwa a bayan gidansa, can wajen babban gota, wato ƙatuwar magudanar ruwan unguwa. Sai 'yarsa Anti Rabi, wadda ke aikin jinya a Jamus, ta aiko masa da kwamfuta. Ranar da aka sauke kwalayen daga taksi lungunmu ya cika maƙil, har mai shinkafa da wake ta bar tukunyarta ta zo kallo. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta tambaye ni ko gaskiya ne abin yana sanin ranar mutuwar mutum.

Alhaji ya dubi malaman makaranta ya ce wa ya iya ta? Kafin ya rufe baki na ruga gida na ciro satifiket ɗina daga bango, da firam ɗinsa da komai. Na yi kwas ɗin kwamfuta a unguwar Kanda, wannan gaskiya ne. (Abin da ban faɗa ba: inji ɗaya ne a makarantar, mu kuwa a cunkushe kamar fasinjojin trotro, motar hayar cikin gari. Malaminmu yakan kunna kafin mu zo, ya kashe bayan mun watse. Na iya buga rubutu, na iya adana shi, na iya zana gida da bishiya. Kunnawa da kashewa kuwa ban taɓa gani ba, ban ma san abin koyo ba ne. Wa ke biyan kuɗin makaranta don ya koyi kashe rediyo?)

Alhaji ya miƙo mini makullin ɗakin ya ce, "Ticha, in Rabi ta zo hutu ta ga abin yana tafiya, za ta ƙaro wasu mu buɗe aji, kai ne shugaba. In kuwa ya fi ƙarfinka ka faɗa tun yanzu, akwai wani saurayi da ya iya ta a unguwar Mamobi." Na ce, "Haba Baba! Mamobi kuma?"

Kada ku ga laifina da yawa. Ni da na tashi da allo da tawada, in ka yi kuskure sai ka wanke ka jira ya bushe, yau ga ni ina danna abu a nan harafi yana fitowa a can, in na goge ko tabo babu. Wallahi takalmi nake cirewa kafin in shiga ɗakin nan. Kunnawa ba ta ba ni wuya ba, akwai wani ƙaton maɓalli a gaba. Da yamma kuma in na gama sai in je bango in fizge waya. Ɗif! In lulluɓe ta da leshin da Hajiya matar Alhaji ta bayar, in kulle ƙofa.

Tun kashegari ta fara wani hali. Ina kunnawa sai fuskarta ta yi shuɗi, rubutun Jamusanci ya cika ta, kalmomi dogaye kamar an manta a yanka su, wani layi rawaya kuma yana jan ciki a ƙasa. Da farko jiran bai fi shan kofin koko ba. Ana nan ana nan sai da ya kai in kunna, in je in sayo ƙosai, in tsaya gaisuwa da mutanen bakin masallaci, in dawo in tarar layin bai kai rabi ba. Babu abin da ban yi ba. Na hura mata iska, na aro fankar Hajiya na kafa mata, na sauya soket, har turaren wuta na sa ko sauro ne ya shige ta. Shiru kake ji.

Wata safiya Alhaji ya leƙo ya ce, "Ticha, me ya sa injin ɗin nan yana daɗewa haka?"

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma saurayin Mamobi ya faɗo mini a rai, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, tilawa take yi. Duk abin da aka zuba mata jiya sai ta maimaita shi da safe, kamar mahaddaci."

Alhaji ya dafe ƙirji. "Allahu Akbar! Ƙarfe ma?"

Kafin la'asar magana ta zagaye Nima. Malamai suka samu abin yi wa yara gori: ƙarfe yana tilawa, kai kana barci! Duk lokacin da jiran ya ƙaru sai in ce ai karatunta ne ya yi nisa. (Abin kunyar ma, da tafiya ta yi tafiya ni kaina na fara yarda. Har rage murya nake in tana ciki.)

To, Anti Rabi ta iso, cikakkiyar boga kamar yadda muke kiran mutanenmu mazauna Jamus. Alhaji ya tara liman da malamai da dattawan unguwa a yi addu'a a kuma ga abin al'ajabi. Ita tana tsakar gida mata sun yanyame ta, ni kuwa na sha babbar riga, na danna maɓalli. Liman ya ja addu'a mai tsawo ya shafa, aka raba goro, aka cinye goro, layi yana nan yana jan ciki. Sai na miƙe na yi musu laccar tilawa, dattawa suna gyaɗa kai. Da kwamfutar ta buɗe na rubuta sunan makaranta da manyan haruffa, na mai da su kore, na mai da su ja. Ɗaki ya ɗauki kabbara. Liman ya ce a rubuta nasa sunan, da ya gani sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ina cikin wannan daɗi na taka zuwa bango a hankali don kowa ya gani, na yi bisimilla, na fizge waya.

"Ei! Ticha!"

Anti Rabi ce a bakin ƙofa, hannu biyu a ka. "Me ka yi yanzu?"

"Kashewa na yi, Anti."

"Kullum haka kake yi?"

"Kullum," na ce. (Da alfahari na faɗa, jama'a. Har da murmushi.)

Ta ratso dattawa ta mayar da waya ta kunna. Fuska ta yi shuɗi. Alhaji ya ɗaga mata hannu: "Rabi, a hankali, ya shiga tilawa."

Ta sunkuya ta karanta. Ta dube ni, ta sake karantawa. "Baba, wace tilawa? Ƙara take kaiwa. Ta ce an yanke mata wuta ba a rufe ta yadda ya kamata ba, shi ya sa take duba cikinta ta ga abin da aka ɓata. Ta ma ce in ba a son wannan jiran, a riƙa rufe ta ta hanyar da aka tsara."

Liman ya ce, "Wato abin da take faɗa ke nan kowace safiya?"

"Kowace safiya, Malam."

"Ticha kuma yana yi mana tafsiri."

Da ƙasa za ta tsage da na shige har da babbar rigar. Anti Rabi ta bari kwamfutar ta gama dubawa, ta gyara abin da za ta gyara, sannan ta ce in matso. Ta nuna mini ƙasan fuskar, gefen hagu, ta danna nan ta danna can, ta ce kowa ya jira. Injin ya yi 'yan ƙananan ƙara kamar mai tattara kwanuka, fuska ta yi baƙi, wani rubutu ja-ja ya fito.

"Ta ce: yanzu kana iya kashe ni."

A Zango, wato unguwannin Hausawa irin tamu, baƙo ba ya tashi haka kawai, sai ya roƙi hanya, mai gida ya ce hanya na nan. Alhaji ya miƙe tsaye yana kallon rubutun nan, idonsa ya kawo ruwa. "Subhanallahi. Wato sai an roƙe shi hanya, ya kimtsa, sannan ya ce a tafi. Ƙarfe ya san ladabi!" Ni ma, duk da kunyar da ke cina, tsigar jikina ta tashi. Watanni ina fita mata ba sallama, ita kuwa kowace safiya tana faɗa mini laifina a tsanake, ba ta taɓa fasawa ba. Da aka sake kunnawa, kafin liman ya ɓare goro ta buɗe.

Anti Rabi ta cika alkawari, an buɗe aji. Saurayin Mamobi ne shugaba. Ni kuwa Alhaji ya ba ni darasi ɗaya tak, na ranar farko: kunnawa da kashewa. Ya ce duk Nima yanzu babu wanda ya fi ni saninsa. Har yau in na bi ta babban gota sai wani mai furfura ya ɗaga murya: "Malam Tilawa!" Ni kuma in amsa, don ni na saya da kuɗina.

Abin da na koya dai shi ne, in ba ka jin yare kada ka yi saurin zama tafinta. Ta yiwu ƙararka ake kaiwa.