Takalmin Nasuk

Ranar 9 ga Fabrairu 1989 suka fara haɗuwa a Kotzebue, wani gari a bakin tekun da ke daskarewa, Minnie tana da shekara arba'in da huɗu, jikarta Loretta tana da kwana biyu. Mako uku kafin nan ƙanƙarar teku ta ɓalle da Nasuk, mijin Minnie, ba a sake ganinsa ba. Sai aka ƙara wa jaririyar da sunansa, domin a al'adarsu mamaci yakan dawo a jikin wanda aka sa wa sunansa. Tun ranar Minnie take kiranta maigida, kuma da "kai" take mata magana.

A Afrilun 2023 Loretta, wadda ke koyar da aji biyar, ta dawo daga Fairbanks. Mako uku ta yi can tare da malamai goma sha ɗaya, ana koya musu aikin masu binciken ƙanƙara. Ranar Alhamis jirgin sama zai kai su sansani a kan ƙanƙarar teku. Shugabar tawagar ta ce wanda ba shi da takalmin sanyi ba zai hau ba, na roban da aka raba kuma babu daidai ƙafar Loretta. Ran Talata ta shiga gidan kakarta.

"...lafiya lau, uwargida," in ji Loretta. "To, ya kewata?"

"Wace kewa? Na sami wurin miƙe ƙafa. To, me suka koya maka?"

"Yadda ake huda ƙanƙara a auna kaurinta, a ciro ta a duba gishirin ciki."

"Sai da ka hau jirgi aka gaya maka teku na da gishiri?"

"Rubutawa muke yi, tsohuwa. Ke naki ilimin a ka yake, kan kuma ya fara yoyo."

"Yoyon nan ne ya raine ka. Mene ne kake ɓoyewa a leda?"

Loretta ta fito da takalmanta na fata. Tafinsu ya ƙanƙance, ya tsage kamar busasshen kifi. Minnie ta juya ɗaya, ta shinshina.

"Kusa da hita ka ajiye su."

"Ɗakin da aka ba mu ba shi da zauren sanyi na rataye kayan fata."

"Ba shi da taga ma? Ɗan bakin teku, malamin makaranta, ya gasa takalminsa. Da ka sa gishirin naku mun ci."

"Da waɗanne haƙora? Naki a kofi suke hutawa."

"A taunar tafin takalmanka don ya yi laushin ɗinki suka ƙare, marar godiya."

"To ai shi ya kawo ni. Miji zai hau ƙanƙara, matarsa ce ke masa ɗinki. Ba ni na kafa dokar ba."

"Na sake ka."

"Mace ba ta sakina sau biyu a wata ɗaya. Kin yi na wannan watan a waya."

Minnie ta ajiye takalmin a kan tebur. Ba ta yi dariya ba.

"Na taɓa ɗinka maka. Fatar ƙafar barewa a sama, tafin ugruk, wannan ƙaton karen teku da kai ka harbo. Wata guda na yi ina yi. Ka tafi da su, har yau ba ka dawo min da su ba."

Loretta ta ɗauki takalmin daga kan tebur.

"Amma na dawo ai. Mako uku kawai na yi."

"Ka dawo babu takalmi, babu wando, kilo uku, kana ta ihu."

"Hanyar ce da nisa. Wannan karon akwai rediyo, akwai igiya, kuma kowane taku hamsin sai an huda an auna."

"Wancan karon ma cewa ka yi ka san ƙanƙara."

"Shi ya sa na koma makaranta."

Tsohuwa ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ta tashi ta fita zauren sanyi, ta dawo da sabbin takalma. Tun Janairu, ranar da aka zaɓi Loretta, Minnie ta fara ɗinka su, da filaya maimakon haƙori.

"Aro ne," in ji ta. "Ka ji? Aro."

Loretta ta yi kwana goma sha tara a kan teku, tawagarsu ta huda ramuka ɗari biyu da shida. Ranar 2 ga Mayu ta mayar da takalman. Minnie ta duba tafinsu, ta ce an ci mata dunduniya, ta rataye su a zauren sanyi. Suna nan.