Da Babbar Riga Muka Je Neman Gurbin Likita

Na manta abubuwa da yawa na zaman da na yi a Manchester, har lambar gidan da na zauna, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ja mahaifiyata da dattijon cocinmu zuwa wata jami'a a Birmingham neman gurbin karatun likita ba. Na ce na ja su, amma gaskiyar magana su suka biyo ni, ni kuma na kasa buɗe baki in ce su yi zamansu.

Tun ina firamare a unguwarmu ta Handsworth a Birmingham aka yanke cewa likita zan zama. Ban san wanda ya yanke ba, na dai yi wayo na tarar da maganar a gidanmu. Da sakamakon A-level ya fito bai kai na likitanci ba, sai na samu gurbi a Manchester, a wani kwas na kimiyyar jikin ɗan Adam. Rabin ajinmu waɗanda likitanci ya ƙi ne (kowannenmu yana rantsuwa cewa da gangan ya zaɓi kwas ɗin). An ce mana akwai jami'o'i ƙalilan da ke barin ɗalibin da ya yi fice a shekarar farko ya tsallaka zuwa likitanci. Na riƙe batun tsallakawa da hannu biyu, batun yin fice kuwa ban ba shi muhimmanci ba.

A watan Janairu na rubuta jarrabawar biochemistry, da sakamako ya fito a Maris na ga na faɗi. Ba faɗuwar da za a ce saura kaɗan ba, faɗuwa ce sosai, aka ce in dawo a watan Agusta in sake. Ban gaya wa Mama ba. Lokacin ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato hukumar birni, ta rufe cibiyar kula da tsofaffi inda Mama ta yi shekaru tana aiki, ta koma bin gidaje tana wanke tsofaffi tana ba su magani, daga wannan bas zuwa wancan. Duk ranar Lahadi da yamma sai ta kira ni, muryarta a gajiye, ta ce, "Auta, ya karatu?" Ni kuma in ce lafiya lau. Na gaya wa kaina cewa tausayinta nake ji. Tsoro ne kawai.

Maimakon in buɗe littafin biochemistry, sai na shiga aikin zaɓen jami'ar da zan koma. Na manna babbar takarda a bangon ɗakina, na ja layuka, na jera jami'o'i bakwai, ina ba kowace maki. Akwai makin suna, akwai na girman asibitin koyarwa, akwai na tsadar ɗaki, akwai na kusanci da shagon da ake samun kuka da daddawa. Wata jami'a a arewacin ƙasar ta rasa maki biyu don an ce mini garin ya cika sanyi. Na yi wata uku ina wannan alƙalanci, kuma na ji daɗinsa ƙwarai, don babu abin da ya kai ka zauna kana ƙin jami'o'in da ba su san da zamanka ba daɗi.

Nuhu, abokin zamana ɗan Kumasi, ya leƙo wata rana ya daɗe yana kallon takardar.

"To a cikinsu wace ce ta ce tana karɓar transfer?"

Na ce masa wannan ƙaramin lamari ne, sai an gama zaɓe ake bin irin waɗannan. Ya gyaɗa kai ya koma kan indomie ɗinsa.

Wata jami'a a Birmingham ce ta lashe gasar, saboda zan zauna a gida, in ci tuwon Mama, bas biyu ya kai ni aji. Na ga suna da ranar buɗe ƙofa ga masu neman shiga a ƙarshen Yuni. Niyyata in je ni kaɗai, in zagaya, in karɓi takardu. Kuskurena shi ne na faɗa wa Mama a waya, har da ƙarin gishiri cewa zan je ganawa da masu ɗaukar ɗalibai.

"Kai kaɗai? Wa ya taɓa zuwa neman babban abu shi kaɗai kamar marar dangi?" in ji ta. "Zan yi swapping shift ɗina. Zan kuma gaya wa Baba Ayuba."

Baba Ayuba dattijo ne a cocinmu, mutumin Kafanchan, ya yi shekara da shekaru yana tuƙa bas kafin ya yi ritaya. Shi ake sawa a gaba in za a je neman aure, ko sasanta ma'aurata, ko roƙon mai gida ya yi haƙuri da ɗan haya. A wurinsa duk ƙofar duniya iri ɗaya ce, dattijo ya yi sallama, ya yi bayani a natse, a buɗe. Na ce wa Mama a nan ƙasar ba haka ake yi ba. Ta ce ai kafin a haife ni take ƙasar.

Ranar Asabar muka fito. Baba Ayuba ya sha babbar riga ruwan toka da hula, Mama ta ɗaura atamfar zumuntar mata, ta rungumo kula cike da masa da ta tashi da sassafe ta soya. Ni ina biye da su cikin kwat ɗin da na sa a bikin yayata Rahila. A bas na Bristol Road sauran yara masu zuwa wurin duk suna cikin jeans, kowa da uwa ko uba ɗaya yana danna waya. Na zauna can baya, na yi kamar ban san masu kular ba.

A babban zaure aka jera tebura, na likitanci shi ya fi dogon layi. Da aka zo kanmu, wata Baturiya mai furfura da tabarau ta yi murmushi ta tambayi abin da za ta taimaka mana da shi. Na buɗe baki, Baba Ayuba ya ɗaga mini hannu. Yaro ba ya magana dattijo na tsaye.

Da Turancinsa mai nauyi ya fara. Ya tambayi lafiyarta da ta iyalinta. Ya gabatar da kansa, ya gabatar da Mama, ya yi bayanin marigayi mahaifina da irin halinsa na kirki, ya ce kakana shi ne mai ba da magani na farko a asibitin mishan na garinmu (ban taɓa jin wannan ba sai ranar). Ya ce ni yaro ne mai ladabi, ba na sha, ba na yawo, ina kaɗa ganga a coci. Layi yana ƙara tsawo a bayanmu. Mama ta ɗora kular a kan takardun matar ta buɗe, ƙamshin masa ya cika wurin. Matar ta yi godiya sosai, ta ce ba a yarda su karɓi kyauta ba. Mama ta ce ai wannan ba kyauta ba ce, abinci ne.

Da Baba ya iso kan buƙata, matar ta saurara har ya dire, sannan ta ce cikin taushin murya ba sa karɓar ɗalibi daga wata jami'a zuwa likitanci, ko daga wane kwas ya fito. Ta ce yana rubuce a shafinsu na intanet, kusa da sama. Na san shafin. Na sha buɗe shi ina kallon hotunan ɗakin karatu.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a wannan lokacin daɗi na ji. Na ce a raina shi ke nan, laifi ya koma kan doka. Za mu koma gida a yi ta jimamin tsaurin Turawa, in sake jarrabawata a ɓoye a watan Agusta, babu wanda zai ji. Har na fara rufe kular.

Na manta da wa na zo. A wurin Baba Ayuba, a'a ta farko gaisuwa ce.

Ya gyara hannun riga ya ce ya fahimta, kowace doka da dalilinta, amma wanda ya kafa doka bai ga wannan yaron ba. Ya ce in ta ga sakamakona ita da kanta za ta kai maganar sama. Ya juyo gare ni da Hausa.

"Ɗana, nuna mata results ɗinka."

"Baba, ban zo da takardar ba."

"Ba a wayarka kuke dubawa ba?" in ji Mama. "Rahila a waya take nuna mini nata."

Na ce network ba kyau a zauren. Matar, baiwar Allah, ta ce akwai wifi kyauta, har ta nuna mini kalmar shiga a jikin allo. Ta ƙara da cewa ko da ba za a yi transfer ba, in ta ga makina za ta iya ba ni shawara kan shiga likitanci bayan na gama digiri. Taimako take son yi da zuciya ɗaya, ban taɓa jin haushin mutumin kirki kamar ranar ba.

Na buɗe shafin na miƙa mata. Ta ɗaga tabarau, ta ja yatsa ƙasa, ta tsaya. Ta rage murya, amma ba ta rage yadda Mama ba za ta ji ba. Ta ce abu na farko shi ne in mai da hankali kan resit ɗina na Agusta, don sai na ci shi zan wuce shekara ta biyu ma a inda nake.

Mama ta san kalmar resit, ta raini yara biyu a makarantun ƙasar nan. Baba Ayuba ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Sannan ya yi wa matar godiya mai tsawo, irin wadda ake yi wa mutanen da suka hana ku 'yarsu cikin mutunci. Wata yarinya a bayanmu tana ta kallon takalmanta, uwarta kuwa ko kunya babu, mu take kallo.

A waje Baba ya ce ya tuna yana da wanda zai duba a asibiti, ya hau wata bas daban. Dattijo ne, ya san lokacin da ake barin uwa da ɗanta. Muka tsaya a tashar bas, ni da Mama. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsoshi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Maris."

Ta shiga lissafin Lahadin da suka wuce tsakanin Maris da Yuni, na ga leɓenta yana motsi.

"Auta, faɗuwa exam ba komai ba ne, Babanka sau uku ya yi driving test. Amma ina kiranka kowane sati. Ka bar ni na ɗaura zane, na ɗauko dattijo, na zo na ji labarin ɗana a bakin wadda ban sani ba."

Ba ta ƙara ko kalma ba har muka isa Handsworth. Na so a ce ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Na ci jarrabawar a watan Agusta, da kyar. Ban zama likita ba, a ɗakin gwajin jini na wani asibiti nake aiki yanzu, kuma aikin ya karɓe ni. Abin da na koya bai da yawa. In kana da mummunan labari, ka kai shi gida da bakinka tun yana sabo, a kicin, inda mutum ɗaya ce za ta ji. In ka ɓoye shi zai fito da kansa, kuma ba zai tashi fitowa ba sai ranar da mahaifiyarka ta ci ado.